Tsohon Gem ɗin Baba a Cikin Laftof

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku a firamare, Baba ya sauko daga trotro, ƙaramar bas ɗin haya, a bakin layinmu rungume da kwali a ƙirji. Naman layya bai gama bushewa a kan igiya ba, ni kuwa an zaunar da ni tsakar gida da sanda ina korar ƙuda da kyanwar maƙwabta. Ya wuce ni yana ɗaga mini gira. Na yar da sandar na bi shi. A ɗaki ya buɗe kwalin, ya fito da wani akwati mai launin toka da ya dushe, da wayoyi a cukurkuɗe, da abin riƙewa mai maɓallai wanda daga baya muka san ana ce masa fad, da kaset guda ɗaya tak. A wajen masu kayan gwanjon da ake kawowa daga Turai ya samo shi. Mma ta leƙo da muciya a hannu, ta ce, "Malam, da girmanka?" Ya ce na yara ne. Har aka kira Magariba bai ba kowane yaro ya taɓa ba, kyanwa kuma ta yi gaba da tsoka biyu, ni na sha dukan.

Takardar jikin kaset ɗin ta yage tun kafin ya iso hannunmu, don haka ba wanda ya taɓa sanin sunan wasan. Wani ɗan mutum ne mai shuɗiyar riga yake ƙetare kogi, yana tsalle daga dutse zuwa dutse, duwatsun kuma suna nutsewa idan ka daɗe a kai. Babban yatsan hagu yana tafiyar da shi, na dama yana sa shi tsalle. Mu yaran gidan muka raɗa masa Malam Tsalle. Kafin ya yarda ya tashi sai an hura kaset ɗin da baki, an goge shi da bakin zane, an ɗan karkata shi, wani lokacin har an ɗora masa dutsen guga a kai. Talabijin ɗinmu mai ƙatuwar ƙeya ce, hotonta na rawa idan an kunna fanka, saboda haka cikin zufa muke wasa ba mu damu ba.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna goma sha ɗaya, famfo ɗaya, kuma kowa ya san abin da kowa ya dafa. Akwai Dagomba, akwai Mosi, akwai mu, akwai Anti Akosua mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, wadda ta fi wasunmu iya zagi da Hausa. Da labarin gem ya zagaya, tagarmu ta zama sinima. Mma ta kafa doka: ba mai taɓa fad sai ya cika randa, ya share gaban ɗaki, ya dawo daga makarantar allo da wankakken allo. Ni ce babba a ɗakinmu, aikina ya fi na kowa. Da safe in kai koko da ƙosai shagon Baba kafin sukul, in na dawo in wanke tukwanen wake da shinkafar da Mma ke sayarwa, in je niƙa, in goya ƙanina. Sau nawa ina tsugune gaban tukunya da soso ina jin kiɗan gem daga ɗaki, ina jin wani ɗan maƙwabta yana kashe Malam Tsalle a banza, raina na tafasa. Na daina zuwa wasan ampe a bayan gida, har ƙawayena suka yi fushi da ni. A sukul kuwa na taɓa shan bulala saboda na cika bayan littafin lissafi da zanen duwatsu, ina ƙirga wanne ne ke nutsewa da wuri.

Baba tela ne, mai aikin wuyan riga da hannu. Mutane na zuwa tun daga Atonsu su kawo masa ɗinki, don in ya yi zare a wuyan kaftani sai ka rantse inji ne. Ni sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Bayan La'asar yakan rufe shago na ɗan lokaci ya shigo, ya cire hula, ya ce yana so ya hutar da idonsa, sai ya ɗauki fad. Ba ya gaggawa. Mu muna danna maɓalli kamar za mu fasa shi, shi kuwa sau ɗaya yake taɓawa, a hankali, daidai lokacin da ya dace. "Kar ki kalli mutumin, Uwata, ki saurari kiɗan," haka yake ce mini. Ashe duwatsun da kiɗan suke nutsewa. Shi kaɗai ne a duk gidan ya taɓa ƙetare kogin har ƙarshe, kuma ranar Anti Akosua ta rangaɗa guɗa irin wadda ta koya a bukukuwanmu.

Ina ajin ƙarshe na firamare akwatin ya mutu. Lokacin ana fama da ɗauke wuta, wata rana da azahar ta dawo da ƙarfi, muka ji ƙauri, shi ke nan. Baba ya kai shi wajen masu gyara biyu, suka ce ba kayansa. Ya daɗe a kan kabad yana shan ƙura, daga baya masu sayen tsohon ƙarfe suka tafi da shi har da kaset ɗin. Na yi kuka kwana biyu, sannan na manta. Na shiga sakandare, na gama, na fara taya Mma sana'a.

Makonni bakwai ke nan da Baba ya faɗi. Da hantsi ne, na kai masa abinci shago, yana miƙo hannu zai karɓa sai na ga bakinsa ya karkace, kwanon ya suɓuce, shi ma ya bi shi. Na yi ta kiran sunansa yana kallona, yana motsa leɓe, ba abin da ke fita. Ban san yadda muka isa babban asibitin da ke wajen Bantama ba. Har yau in cokali ya faɗi a gida sai ƙirjina ya buga, kuma ba na iya wucewa ta gaban shagon, sai in zagaya ta bayan masallaci. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Ya dawo gida yana jan ƙafa, maganarsa kalma ɗaya ce ko biyu, hannun da ya ciyar da mu kuma yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba.

Likitar motsa jiki ta ce yatsun za su iya farfaɗowa, amma sai ya riƙa aiki da su kullum, kuma watannin farko su ne masu muhimmanci. Ta ce mu ba shi abin da hannunsa ya riga ya sani. Muka ba shi allura, ta faɗi sau uku, ya juya fuska bango. Ƙwallon robar da aka ba shi ya matsa kuwa kallon raini yake mata. A nan na tuna da Malam Tsalle. Maɓalli ɗaya ne kawai, babban yatsa ɗaya.

Ƙawata Rukayya, wadda ke gyaran waya a kasuwa, ita ta gaya mini ba sai na nemo tsohon akwati ba. Akwai wata manhaja da ake kira emuleta, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohon injin gem, wasannin da ke cikin kaset kuma duk an kwafe su an zuba a intanet. Ta ara mini laftof ɗinta, ta haɗa ni da wani fad na zamani mai maɓallai fiye da yatsun mutum. Da baki abin da sauƙi. Emuleta ta farko ta ƙi buɗewa. Ta biyu ta buɗe ba sauti. Ta uku ta yi aiki, amma fad ɗin in na danna hagu sai ya tafi sama, na yini guda ina koya wa kowane maɓalli aikinsa. Sannan babbar matsala: ban san sunan wasan ba. Ta yaya ake neman abin da ba shi da suna? Na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya tsakanin wankin tukwane da ba Baba magani, data na ƙarewa, laftof na zafi yana mutuwa, idona na yaji. Kwana tara na yi. Rana ta goma sai ga shuɗiyar riga a kan dutse. Akwai kwafi biyu masu suna iri ɗaya, ƙarshensu ne kawai ya bambanta da wasu haruffa, na ɗauki na sama ban ko duba ba.

Da na kunna masa, Baba ya yi murmushi da rabin bakinsa, karo na farko tun da ya faɗi. Na gyara masa fad ɗin a cinya, na ɗora yatsansa a kan maɓalli. Ya danna, Malam Tsalle ya faɗa ruwa. Ya sake, ya faɗa. Ya karkata kai yana sauraro kamar yadda ya saba, ya danna daidai inda jikinsa ya gaya masa, amma dutsen ya riga ya nutse. Na ƙirga sau goma sha huɗu, ko dutse na biyu bai kai ba. Sai ya sa hannun hagu ya ɗaga na daman, ya daɗe yana kallonsa, ya ajiye shi. Ya ture fad ɗin da gwiwa, ya ce, "Ya mutu." Daga ranar ya daina komai. Ƙwallon robar ta shige ƙarƙashin gado, ranar zuwa asibiti ya ƙi sa riga. Ni ma da na gwada sai faɗuwa nake, na ɗauka shekaru ne suka cinye mini iyawa.

Mma ce ta gano. Bayan kwana shida ina zaune bakin ƙofa na kunna gem ɗin don takaici, tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wa ke korar masu kiɗan nan ne? Da ba haka suke ba." Mma ba ta taɓa riƙe fad ba a rayuwarta, amma shekara uku tana jin kiɗan nan ta bango. Na kira Rukayya, ta ce in karanto mata haruffan ƙarshen sunan. Da na karanta sai ta ce, "Kai, Safiya! Na Amurka kika ɗauko." Ta yi mini bayani cewa tsofaffin talabijin na Turai, irin namu na nan Gana, sau hamsin suke sauya hoto a daƙiƙa, na Amurka kuwa sau sittin. Gem ɗin da muka taso da shi a kan hamsin yake tafiya. Wanda na ba Baba ya fi shi sauri, kiɗa da duwatsu da komai. Mu duk yarintarmu mun ɗauka haka wasan yake a ko'ina a duniya.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun a asibiti. Wato ni da hannuna na ɗauki mutumin da ke neman dalilin yarda da yatsansa, na ba shi jarrabawar da ko mai lafiya zai faɗi. Sauya kwafin bai ɗauke ni minti biyar ba. Gyara abin da na ɓata a zuciyarsa shi ne aiki. Na yi masa bayanin hamsin da sittin, ya dube ni kamar ina lallashin yaro. Na rantse. Mma ta rantse. Na kunna biyun a jere don ya ji bambanci, ya rufe ido. Kwana huɗu ina kawo laftof bayan La'asar, kwana huɗu yana juya baya, ni kuma ina ƙirga makonnin da likita ta ce suna da muhimmanci suna tsiyayewa.

Jiya na gaji da roƙo. Na zauna a gefensa na dama, na riƙe fad ɗin da hannun haguna kaɗai, na tafiyar da Malam Tsalle zuwa bakin dutse, na ƙi danna tsalle. Ya faɗa ruwa. Na maimaita, ya sake faɗawa. Na ce, "Baba, ni hannu ɗaya na kawo, ɗayan yana wurinka." Sai a faɗuwa ta biyar na ji nauyin hannunsa a kan nawa, da sanyi, yana laluben maɓallin. Tsallen farko ya makara. Na biyu ma ya makara. A na uku muka sauka kan dutse na biyu, muka tsaya har ya nutse da mu, don dukanmu mun manta akwai na gaba. Na juya in ga ko zai ture shi. Ya haɗiye miyau, ya tattaro bakinsa da ƙyar, ya ce, "Sake."

A da ɗakin nan cike yake da kawunan yara a taga, da ihu, da ƙamshin girkin ɗakuna goma sha ɗaya, faɗawa ruwa kuma abin dariya ne kawai. Yanzu yaran sun watse, wasu suna Buokrom, wasu sun bar ƙasar, ƙananan da suka maye gurbinmu kowa kansa na kan waya. Mu biyu ne a gaban allon aro, kuma kowace faɗuwa sai na ji ta a cikina. Ban sani ba ko hannun nan zai sake riƙe allura, likita ma ba ta yi mini alkawari ba. Tsoron bai tafi ba, haushin kwana goman da na jawo mana ma bai tafi ba. Kwamfuta ta iya dawo da kogin daidai yadda yake, amma mu da za mu ƙetare shi sai a hankali.