Manjan da Ya Shaƙe Injin Karshi

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da maigidana, da buhu biyu a bayan mota. Kwana shida ke nan babu wuta a Jikwoyi, injin lantarkin da ke niƙa mini abincin kifi ya zama kayan ado. Tarwadar da nake kiwo a bayan gida, don kada ritaya ta same ni hannu rabbana, sun kwana biyu ba su ci ba. Su kuwa in yunwa ta kama su junansu suke ci. Na riga na tsinci kan kifi har uku a saman ruwa, hankalina ya tashi ƙwarai.

Ma'aikata na ta tururuwa zuwa Nyanya, mu muka ba su baya muka nufi Karshi, inda aka ce akwai injin dizal. Matan Gbagyi na tafe a gefen titi da doya a kafaɗa. A Orozo muka sayi ƙosai, wanda ya ƙanƙance har maigidan ya tambayi mai suyar ko shi ma yana azumi ne.

Mai injin wata dattijuwa ce, gari ya yi mata furfura har a gira. Dokarta ɗaya: abincin mutane a fara, na kifi a ƙarshe, saboda ƙarni. Muka zauna a benci har hantsi ya dubi ludayi, ina kallon jarkar dizal ɗinta tana raguwa. Da layi ya zo kaina, ɗan kaɗan ya rage a gindinta.

Ni kuma da wayona, tun a gida na haɗe komai wuri ɗaya don kada a ɓata lokaci. Tana zuba kwano biyu injin ya sauya murya, ya shiga nishi yana aman baƙin hayaƙi. Nan take ta kashe shi, ta damƙi haɗin, ya dunƙule a hannunta.

"Madam, me ka sa a ciki?"

"Mama, masara ce da waken soya da ƙuliƙuli da busasshen kifi. Sai ɗan manja."

"Manja! Kafin niƙa?" Ta kwance rariyar injin ta nuna mini, ramukan duk sun toshe. "Wannan zai sha man buhu uku. Kuma ni man da ka gani shi ke nan, sai yarona ya dawo gobe."

Kunya ta rufe ni. Shekara da shekaru ina ofis ina rubuta takardu kan tattalin makamashi, ban taɓa tunanin shan man inji yana ga abin da aka ɗura masa ba. Maigidan ya juya baya wai yana duba taya, amma ina ganin kafaɗarsa na rawa don dariya.

Dattijuwar ba ta kore ni ba. Ta sa rariya mai manyan ramuka, ta debo busasshiyar dusa muka cuɗa don ta tsotse maiƙon, sannan ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana kasa kunne. Na ce ai na fi son ya yi laushi.

"Laushi mai ne, Madam. Kifinka zai tuƙa tuwo?"

Buhu ɗaya ya fita, injin ya yi tari ya mutu. Na biyun haka muka mayar da shi mota.

Da azahar muka iso gida. Ko mayafi ban cire ba na dama garin da ruwan zafi, na mulmula na watsa wa tarwadar. Ruwa ya yamutse, babu wanda ya yi ƙorafin tsaki-tsaki. A kusurwa sai ga kai na huɗu yana yawo, na tsaya ina kallonsa, na san ba rashin wuta kaɗai ya ci shi ba.

Abin da na koyo a Karshi ba shi da yawa: kowane abu a niƙa shi daban, a bushe, manja kuma ya jira. Buhu na biyu yana nan shanye a rana, maigidan kuwa duk wucewa sai ya gaishe shi.