Ranar da Hular Yayana Ta Zo Manchester

In dai ina numfashi, ba na jin zan manta da wata Asabar ta watan Disamba da 'yar yayana ta zo mini daga Birmingham. Shekaru sun shuɗe, yarinyar ma har ta yi aure, amma duk ranar da wani baƙo ya ce in nuna masa gari, sai na yi dariya ni kaɗai kafin in ba shi amsa.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya a Manchester. Ina zaune a Levenshulme, ina aikin kula da tsofaffi. A gida Jos kuwa, 'yan uwa sun ɗauke ni wadda ta san Ingila ciki da bai, ni kuma ban taɓa musa musu ba. Gaskiyar magana, abin da na sani bai wuce hanyar wurin aiki ba, da hanyar coci, da shagunan Stockport Road inda ake samun doya da attarugu. Sai kuma gidajen mutanenmu, waɗannan kam ko ido rufe zan kai ka.

Yarinyar watanta uku da zuwa karatun digiri na biyu, tana zaune a Aston. Ta aiko mini da saƙo cewa tana so ta zo ta ga gari, in ba ta shawarar wuraren da ya kamata ta je. Da yake ba ni da amsa, sai na rubuta mata: "Ke dai ki zo, ki bar komai a hannuna." Abin da ban sani ba, akwai saƙon babanta a jakarta. Yayana tsohon malamin makaranta ne, kuma tun muna yara yake manna kunnensa da rediyo saboda ƙungiyar ƙwallon nan ta Manchester mai jar riga. Yana da wata tsohuwar jar hula da ya fi shekara talatin yana sawa duk ranar wasa. Ranar da za ta taso daga Jos, ya cusa mata ita a jaka ya ce tunda shi bai samu zuwa ba, ta kai hular ta ga filin. Washegarin zuwanta wurina, Lahadi, zai cika shekara saba'in, ita kuma ta yi masa alkawarin hoton zai iso masa kafin a fita coci. Duk wannan sai daga baya na ji.

Ta sauka ƙarfe goma na safe, na rungume ta, na ce ta rame, kamar yadda kowace gwaggo ke cewa. Motarta ta komawa ƙarfe shida ce, don tana da jarrabawa Litinin. A lissafina, awa takwas sun ishe mu mu zagaye duniya. A wurina kuma nuna wa baƙo gari ma'anarsa ɗaya ce: ka kai shi ya gaida manya. Ta yaya 'yar yayana za ta shigo Manchester a ji labari a bakin wasu? Ai da na shiga uku a coci.

Muka fara da wata dattijuwa 'yar garinmu da duk muke kira Mama, layi biyu daga gidana. Na ce minti biyar za mu yi. Mama ta riga ta dafa gwaten acca tun asuba. Ta zaunar da yarinyar, ta tambaye ta kakarta, da ƙanen kakarta, da wata bishiyar mangwaro da ke bayan gidansu ko tana nan. Da muka miƙe, ta ce ba inda za mu sai an yi addu'a, addu'ar Mama kuwa sai ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Sha biyu da rabi muka fito.

Daga nan muka hau bas zuwa gidan wata ƙawata. A hanya na riƙa nuna mata gari da iyakar ƙwarewata. "Ga asibitin da aka cire mini haƙori. Ga shagon da kifinsu ya fi araha." Ita kuwa sai ta ce, "To, Anti," tana leƙen sararin sama ta taga. Na ɗauka kyan gine-gine ne ya ɗauke mata hankali. A gidan ƙawar tawa aka kawo dafa-duka da kaza, yaran gidan suka kewaye ta da Turancin nan nasu na 'yan Manchester da ko ni sai na kasa kunne nake ganewa. Ta ci, ta yi murmushi, ta taya kwashe kwanuka. Sau ɗaya ta ce, "Anti, wai ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a nan?" Na ce wajen huɗu, na ci gaba da hirata. Har yau in na tuna wannan tambayar sai kunya ta kama ni.

Gida na uku a Moss Side yake, gidan wani dattijo da ya yi shekara talatin yana tuƙa bas a garin kafin ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Matarsa ta tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce ta san ba mu ci komai ba. Yarinyar ta kalli malmalar tuwon, ta kalle ni, ta wanke hannu.

Wajen ƙarfe uku da kwata na shiga kicin ɗauko ruwa, sai na same ta tsaye gaban taga, riƙe da wata jar hula, hawaye na zuba. Kallo ɗaya na yi wa hular na gane ta. Ai ni na sha wanke ta kafin in bar gida.

"Me hular Yaya take yi a nan?"

Ta share ido. "Anti, ba komai. Daddy ne ya ce in kai ta stadium in ɗauki hoto. Gobe birthday ɗinsa. Amma it's fine, zan ce masa an yi ruwa."

"Tun safe me ya hana ki faɗa mini?"

"Kin ce in bar komai a hannunki."

Yarinya ce mai tarbiyya, ba za ta iya ce wa ƙanwar babanta ta tashi daga gidan manya ba, ni kuma ban tambaye ta ba ko sau ɗaya. Abin da ya ƙara mini kunya, ban ma san ta ina ake zuwa filin ba.

Na koma falo na faɗa wa Baba komai. Ya ajiye cokalin shayinsa ya ce, "Masu jar riga? Kai, yayanki bai iya zaɓe ba. Filin masu shuɗiyar riga a nan bayan gidana yake da, kafin su tashi." Amma yana magana yana laluben makullin mota. Matarsa ta ce ita ma ba za a bar ta ba, shekara talatin tana jin ihun filin nan a talabijin ba ta taɓa ganinsa ba. Ta yafa gyale a kan rigar sanyi, ta shiga gaba da silifas ɗin ɗaki. Muka bar tuwo a buɗe.

Aka yi sa'a ba wasa a filin ranar. Baba ya bi da mu ta lungunan da direban bas kaɗai ya sani, yana faɗa da kowace jar danja kamar da gangan take yi masa. Sama ta fara yin toka-toka, ga yayyafi. Ni da yarinyar muna baya, na riƙe hannunta. Muna shan wata kwana sai ga filin tsaye a gabanmu, ƙato, fitilunsa sun fara kamawa. Ni da na zo nuna wa baƙuwa gari, ni na fi kowa sakin baki.

Ta fita da gudu, ta ɗora hular a ka, na ɗauke ta hoto da sauran ɗan hasken da ya rage. Biyu na farko duk suka lalace, na uku ya fito. Sai wani Bature mai yawo da karensa ya ce mu tsaya gaba ɗaya ya ɗauke mu. A wannan hoton Baba ne sanye da jar hular, ya haɗe rai kamar an ba shi magani mai ɗaci, matarsa na gefe da silifas a cikin ruwa tana dariya har da riƙe ciki. Minti goma bayan haka duhu ya rufe.

Washegari da safe yayana ya kira ni. Ya ce hula ta ga fili, shi kam ya gode wa Allah. Na fara jin daɗi ke nan sai ya ce, "Amma 'yarki ta ce ke ma jiya ce ranarki ta farko a filin. Shekara goma sha ɗaya, ƙanwata, ina kike zuwa?" Na ji matarsa da yara suna ta dariya a bayansa. Sunan da na yi shekaru ina ginawa a gida ya rushe a kira ɗaya, kuma ban ji haushi ba.

Da bazara ta shigo, ni na hau mota na je Birmingham. Ina sauka ta ce, "Anti, me kike so ki gani?" Ta zagaya da ni bakin magudanan ruwan da ƙananan jirage ke bi a tsakiyar gari, ta hau da ni saman babban ɗakin karatunsu inda aka yi lambu, muka hango garin gaba ɗaya. Ba mu gaida kowa ba sai da yamma.

Yanzu in ɗalibi ya nemi shawarata, ina da abin faɗa, don na bi garin da ƙafata. Nakan ce in lokacin sanyi ne ya fara da abin da ke waje tun da safe, gidajen tarihi da tsofaffin ɗakunan karatu su biyo baya, da yawansu ma shiga kyauta ne. Ya riƙe lema ko da ya ga rana. Gidan Mama kuwa ya bar shi sai ƙarshe, kuma ya je da yunwa. Amma kafin duk wannan, sai na zaunar da shi na tambaye shi abin da ya kawo shi, in ya ce ba komai in sake tambaya. Ranar nan ta koya mini cewa yaranmu ba sa iya katse babba, sai dai su yi shiru suna kallon taga rana na faɗuwa, kuma mai masauki ne ya kamata ya tambayi abin da ke cikin jakar baƙonsa.