Sodangi da Kwanon Birki

Duk wanda ya san tashar motar Dutsin-Ma a shekarun da ake lodin gyaɗa ya san Sodangi mai fenti, ko da bai san fuskarsa ba, don yawanci ƙafafunsa kawai ake gani, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Mutumin Wurma ne. Fari ya cinye gonar mahaifinsa shekara biyu a jere, ya tafi Funtuwa cin rani, ya faɗa hannun wani Bayarabe mai fentin manyan motoci, ya share shekara shida a can. A 1953 ya dawo da akwatin buroshi da wani tari wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Bai koma Wurma ba. Ya kafa rumfa a gindin tsamiyar da ke bayan tasha, ya auri Tani, suka zauna.

Yana fentin bodin katako kamar kowa, ya zana fure, ya kwaikwayi rubutun da aka kawo masa a takarda ko da bai iya karanta shi ba. Amma ba nan sunansa ya fito ba. A cikin kowace ƙafar mota akwai wani kwanon ƙarfe mai nauyi, wanda in direba ya taka birki ake matse shi daga ciki, motar ta tsaya. Motocin wancan lokaci rafi suke ratsawa da damina, ruwa da laka su kwanta a bayan kwanon, tsatsa ta ci shi. Sodangi kan sa a kwance tayoyi, ya kankare bayan kwanon da yashi, ya shafa masa jan fenti hawa biyu. Cikin kwanon kuwa, inda ake matsewa, ba ya yarda ko ɗigo ya taɓa. Sai ya goge shi tas da fetur, don maiƙo ko kaɗan ne yakan sa birki ya sulɓe.

Masu motoci kan yi masa tsiya, su ce wa zai leƙa ƙarƙashin mota ya yaba jan fenti? Shi dai yakan ce tsatsa tana leƙawa. Da haka direbobin Kurfi da na Kuki suka riƙa kawo masa motocinsu duk ƙarshen damina, har ta kai in ana cinikin tsohuwar mota mai saye kan duƙa ya nemi jan Sodangi.

Shekara goma sha uku yana wannan kwanciya a ƙasa. Warin fenti ya fara kashe masa hanci, har ya zamana Tani ta ƙona miya bai sani ba sai ya kai baki. Fetur ya tsattsage masa hannu, ya koma naɗa tsumma a kan sanda don kada ya taɓa. Daga baya yanar ido ta fara rufe masa idanu, na hagu da fari, sannan na dama ya bi. Bai gaya wa kowa ba. Ya san ranar da tasha ta ji mai fenti ba ya gani, ranar tuwon gidansa ya ƙare, ga shi ba gona, ba ɗa namiji, sai 'ya ɗaya da ke aure a Tamawa. Sai ya daina zanen fure, ya ce ya tsufa da ƙawa. Ya riƙe kwanon birki, don wannan hannunsa ya san hanya ko a rufe.

Tani ta sani, amma ba ta taɓa faɗa ba. Ta dai ƙara yawan gyaɗar da take soyawa. Tana yin ƙuli-ƙuli a gida, man da ta matse ta ɗura a kwalba, shi kuma ya sa a jakar kayan aikinsa ya kai wa Inna mai ƙosai a bakin tasha. Kwalbar man da kwalbar feturinsa iri ɗaya ne, koraye, da toshiyar totuwa. Shekaru suna tafiya tare a jaka ɗaya.

A kakar 1966 Alhaji Rabo, mai fataucin hatsi, ya aiko da motarsa. Direbanta Ɗanmaraya ne, dogo mai yawan barkwanci, wanda ya fi shekara goma yana kawo wa Sodangi aiki. Washegari kasuwar Kurfi ke ci, Alhaji na son motar ta kwana a shirye. Tun la'asar Ɗanmaraya ke tsaye a kan Sodangi, yana cewa Baba ya yi sauri, ba lallen amarya ake yi ba. Sodangi ya gama fentin, ya lalubo kwalba a jaka, ya jiƙa tsumman sanda, ya goge cikin kwanoni huɗu ɗaya bayan ɗaya. Aka mayar da tayoyi, aka ɗaure. Ya tafi gida bayansa na ciwo, bai ko tuna da saƙon Inna ba.

Da hantsi yana shirin fita Tani ta buɗe jakar za ta sa sabuwar kwalba, ta tarar da ta jiya. Ta ɗaga ta a rana, ta ga ta yi rabi. Ta ɗago ɗayar, ta fetur, cike take har wuya. Ta juyo wajensa.

"Malam, jiya da wacce ka yi aiki?"

Ya karɓi kwalbar da ta yi rabi, ya ɗiga a yatsa, ya lasa. Ya zauna a kan turmi.

Motar ta tashi tun asuba, ba kaya. Mota fanko ko da giya ana iya rage mata gudu, kuma direba zai ɗauka sabon aiki ne bai gama zama ba. Amma da la'asar za ta juyo da buhunan gero da 'yan kasuwa a samansu, kuma a hanyar akwai wata gangara da ke sauka rafi, inda Fulani ke shayar da shanu. Sodangi ya san gangaren, ya sha goge lakarsa a bayan kwanoni.

Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya yi shiru. Ba wanda ya gani. In birki ya ƙi, za a ce tsufan mota ne, ko a ce ƙaddara. Wataƙila ma ƙurar hanya ta shanye man. Ya juya wannan tunani kamar mai juya tuwo, yana neman inda zai yi masa daɗi, bai samu ba. Ya yi tunanin aika wani, sai ya ga duk wanda ya aika sai ya gaya masa dalili, kuma Alhaji Rabo ba zai sauke lodi kan maganar ɗan aike ba. Tani ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da hularsa da gorar ruwa.

Ya ari keken maƙwabcinsa Labaran. Rabonsa da hawa keke tun idonsa na da kyau. Hanyar burji ce, ya riƙa bin jan da yake gani tsakanin koren gonaki biyu, in ya ji ƙarar mota ya sauka ya tsaya a gefe. Sau biyu yana faɗuwa. A rafin nan ya tura keken ya haura, yana jin kukan shanu a ƙasa, bai tsaya shan ruwa ba. Tari ya riƙa tsayar da shi fiye da gajiya. Sai da aka yi azahar aka watse ya shiga Kurfi.

Ya gane motar da muryar Ɗanmaraya. An gama lodi, mata da maza sun hau saman buhu da kwandunansu, Alhaji Rabo na zaune a benci ƙarƙashin lema. Da Ɗanmaraya ya hango Sodangi, ƙura har gira, gwiwar wando a yage, sai ya yi dariya ya ce ko Baba ya biyo jan fentinsa ne ya ga ko ya bushe?

Sodangi ya so ya ja Alhaji gefe, amma Alhaji ya ce ya faɗi a nan, lokaci na tafiya. Sodangi ya jingine keken. Ya ce kada motar nan ta tashi.

"Don mi?"

"Alhaji, da man gyaɗa na goge birkin. Ban gani ba. Na kai shekara biyu ba na gani sosai."

Sai wani daga saman buhu ya ce ashe saura gishiri da yaji a ci motar. Dariya ta ɓarke, har da waɗanda za su sauka gangaren a motar. Sodangi na tsaye yana kallon inda yake zaton fuskar Alhaji take.

Ɗanmaraya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce tun safe yake jin ƙafarsa na nutsewa in ya taka birki, ya ɗauka fentin ne bai saki ba. Alhaji ya ce a lallaɓa a hankali a isa gida, gobe a gyara. Ɗanmaraya ya ciro makulli ya ajiye a kan bencin, ya ce to Alhaji ya lallaɓa da kansa.

Aka sauke mutane, aka sauke buhu. Da aka kwance ƙafar farko aka sa yatsa, sai maiƙo da ƙura sun haɗu kamar ƙullun ƙuli. Abin da ke matse kwanon ya sha mai, ba ya wankuwa, sai an saro sabo daga Katsina. Motar ta yi kwana uku a Kurfi, hatsin ya rasa cinikin da aka yi masa alkawari. Alhaji Rabo bai zagi Sodangi ba. Ya dai ce, a gaban kowa, Allah ya ba shi lafiya, amma mota ba wurin lalube ba ce.

Kafin Sodangi ya dawo Dutsin-Ma labari ya riga shi. Ba wanda ya ƙara kawo masa mota. Wasu direbobin kan tsaya su gaishe shi da hannu biyu, su ce ya yi abin da ya dace, sannan su wuce da motar wajen wani Ya'u da ya buɗe rumfa a ɗaya gefen tasha. Ya'u ya iya fure, amma ba ya kwance taya. A hankali jan ƙarƙashin motoci ya kwaile, ba a ƙara tambayarsa ba.

Sodangi ya koma fentin akwatunan ƙarfe da ƙyauren shaguna, launi ɗaya, yana bin gefe da yatsa. Abin ba ya kai su wata, ƙulin Tani ne ya riƙe gidan. 'Yan tasha suka laƙaba masa Mai-soya-birki, sunan ya bi shi har ya daina juyowa in an kira. Ɗanmaraya kan zo jefi-jefi da goro, ya zauna a bakin rumfa, su ci tare. Sau ɗaya ya tambaye shi ko yana da-na-sanin zuwa Kurfi. Sodangi ya daɗe yana tari, sannan ya ce hanyar dai ta yi masa nisa.

Ya rasu da damina, shekara uku bayan haka. Tun ranar Kurfi Tani ke ɗaura zare a wuyan kowace kwalbar mai, ƙulli uku, yadda yatsa zai ji. Ba ta daina ba ko da ya zamana babu sauran fetur a jakarsa. Inna mai ƙosai ta ce har bayan takaba haka kwalaben suka riƙa zuwa mata.