Baba Malachi da Muryar Malam Inuwa

Kowace safiya Baba Malachi yakan jingine kekensa a gindin darbejiyar ƙofar ɗan ɗakin karatunmu na Nassarawa GRA. Ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya shiga ya kara kunne a jikin wata tsohuwar kwamfuta, ya ji fankarta na juyawa. Sannan ya leƙo ya ce, "To, yanzu ina kwananku."

Wannan ne rubutuna na farko, in na kauce a yi mini afuwa.

Kwamfutar tana aiki ne da wani tsohon tsari mai suna Gofa, wanda wayoyin yanzu ba sa ganewa. A cikinta akwai hirarrakin da aka ɗauka da tsofaffin ma'aikatan unguwar, har da marigayi Malam Inuwa direba.

Bara matarsa, Hajiya Luba, ta zo daga Gama.

"Malam Malachi, fuskarsa tana nan a hoto," in ji ta. "Muryar ce ke ɓace mini. Da na so tunawa sai ta ƙanensa ta zo."

Da Baba ya so, da ya kwafa mata hirar mijinta kaɗai. Amma ya tuna sauran iyalan da suka watsu garuruwa. Sai ya zauna ya haɗa furoksi, wato ɗan aike a tsakani: waya ta tambaye shi, ya karɓo daga tsohuwar, ya miƙa mata. Ya gwada a teburinsa ya yi, ya ba Hajiya adireshin da za ta buɗe a wayarta, ta tafi da murna.

Washegari sai ga ta ido jawur.

"Ni dai fari fat nake gani a wayar. Ko ni ce ba ya son yi wa magana?"

Baba ya koma kan kwamfutar. Ya duba saitin, ashe ya bar furoksin yana amsa wa kwamfutar ɗakin kaɗai, yadda ake yi lokacin gwaji.

"Laifina ne, Hajiya. Ban buɗe wa na waje ba." Ya gyara layin, ya sake kunnawa. "Danna nan."

Sai ga Malam Inuwa yana dariya, yana ba da labarin ranar da tayoyinsa biyu suka fashe a hanyar Haɗeja.

"Ji shi da ƙari," in ji Hajiya Luba, tana share ido da bakin mayafi. "Taya ɗaya ce fa." Ta sake dannawa.

Baba, ƙarshen watan nan za ka koma Wusasa, kuma tun yanzu mun fara kewarka. Kai ne ka ƙi yarda a kira abin mutane tarkace don kawai ya tsufa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma 'yan'uwa masu sanin kwamfuta, don Allah wani ya zo ya zauna kusa da shi ya koyi saitin nan kafin ya tafi. Akwai muryoyi a ciki da har yau iyalan masu su ba su zo ba.