Mun Binne Shi da Shaidarsa

Jiya ina jiran shayi a wani shagon abinci, irin wanda ake kira mamak, a unguwar Taman Melati, sai talabijin ta nuno ƙwallon Amurka. 'Yan wasa biyu suka gwara kai, ƙarar kamar taɓarya a turmi. Na kasa shan shayin, don wani dattijonmu na unguwar Chow Kit ne ya faɗo mini a rai.

Shi ma ya buga wannan ƙwallon a Amurka yana saurayi, kafin ya zo nan sayar da yadi. Yakan dafe ƙeya ya ce, "Ƙwarya ake ɗinkewa, ɗana, ba kai ba."

Wata Magariba muka tura shi limanci, tunda shi ne babba. Yana tsakiyar Fatiha ya yi shiru. Muka ɗora masa, bai kama ba. Ina jin ƙamshin turarensa har wani ya shiga gaba. Bayan sallama ya tambaye ni sunana.

Da aka nema masa diyya, lauyoyin ƙungiyar da ya buga wa suka ce ba laifinsu ba ne, sai in an buɗe ƙwaƙwalwarsa bayan mutuwa an ga ɓarnar. Na ce, "Baba, ka amince, haƙƙinka ne."

Ya ce, "Sun taɓa kan nan ina raye, ya ishe su."

Ranar da ajali ya zo, da hantsi ya cika, kafin La'asar mun rufe shi, har da shaidar.

Allah ya sanyaya wannan kai, ya mayar masa da Fatiharsa kafin masu tambaya su iso.