Amininsa Yana Hawa na Biyar

Shekara ashirin da takwas ya yi yana kai wasiƙu a tsakiyar babban birni, da ƙafa, jaka a kafaɗa. Gidajen unguwar duk benaye ne, don haka wuni yake yana hawa yana sauka. Tsinke ake ce masa, sunan kuwa bai yi ƙarya ba. In ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ba ya jefa wasiƙa a akwatin ƙasa kamar abokan aikinsa. Sai ya hau, ya ƙwanƙwasa, ya miƙa hannu da hannu, ya tambayi lafiyar gida.

Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, ɗansa ya ɗauke shi zuwa sabon gidansa a bayan gari. Gida ne mai kyau, ba a magana, sai dai ko burodi za ka saya sai an tayar da mota. Maƙwabta daga kujera sai mota, ba ka ganin kowa sai ta gilashi. Da safe ɗan da matarsa su fita aiki, a bar shi da talabijin da firji cike. Ba yunwa ke kai shi kicin ba, shirun gidan ne. Cikin shekara huɗu ya yi ƙiba, wandunansa suka ƙi shi ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, hutu ya karɓe ka," in ji surukarsa tana dariya. Shi dai yaƙe ya yi.

Rannan aka bugo waya cewa amininsa mai gyaran agogo yana kwance, jiki ya yi tsanani, yana ta tambayarsa. A hawa na biyar yake, a tsohuwar unguwa. Ɗansa ya sauke shi a ƙofar benen ya wuce ofis.

Hawa na ɗaya ya yi shi da ƙarfin hali. A na biyu gwiwoyi suka fara ƙorafi. A na uku numfashi ya ƙwace masa, ya zauna a matakala yana haki, gumi sharkaf. Ya yunƙura sau biyu, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Sai ga 'yar mai gyaran agogon tana haurowa da ledar magani. Ya san ta tun tana goye. Ta raɓa ta gefensa cikin ladabi.

"Sannu, Baba. Wani kake nema?"

Ya dube ta yana jira ta gane shi. Ba ta gane ba. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki.

"A'a, 'yata. Hutawa nake yi."

"To, Allah ya ƙara sauƙi."

Ta wuce. Ya ji takunta har sama, ya ji an buɗe ƙofa, ya jiyo tarin amininsa daga ciki, sannan aka rufe.