Ledar Ruwa Ba Allura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun damina ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na cewa tela ya gudu da yadukansu. Ɗinkinku yana nan. Kwalara ce ta kayar da ni.

Bayan ambaliyar da ta cika rijiyoyin Maigatari da ƙazanta, ina kan keken ɗinki cikina ya murɗa. Kafin la'asar gudawa ta koma kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, ga ƙafafu suna ɗaurewa. Matata Hadiza ta sa aka ɗora ni a babur zuwa sansanin jinya da aka kafa a filin makaranta.

Gado mai rami a tsakiya, bokiti a ƙasa, ƙudaje ko'ina. Amma ba wannan ya fi ba ni ƙyama ba.

Ƙungiyoyin agaji uku suka zo mana. Sun zauna a Gumel sun raba aiki: ɗaya ledojin ƙarin ruwa, ɗaya allurai da robar sawa a jijiya, ta ukun motar ɗaukar marasa lafiya. Sai kuma suka yi yarjejeniya babu mai fito da kayansa sai an yi bikin ƙaddamarwa tare, kada wata ta riga wata shiga jarida. Bikin kuwa ya cije, ana gardamar tambarin wa zai zo farko a jikin ƙyallen bikin.

Masu ruwa sun riga sun sauke nasu kafin yarjejeniyar. Ga leda an rataye mana, allura tana sito a kulle.

Idona ya faɗa, fitsari ya ɗauke. Duk abin da na sha sai ya dawo. Ma'aikaciyar jinyarmu, Sista Rakiya, ta gaya wa Hadiza a gabana: "In ruwa bai shiga jikinsa yau ba, ƙodarsa za ta tsaya."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Hadiza ta je ta roƙi mai sito har da kuka. Ya ce shi ma umarni yake jira, ogansa yana taron haɗin gwiwa, waya a kashe.

A gadon kusa da ni akwai Baffa Jauro, makiyayi daga Sule Tankarkar. Ya rasu ledarsa tana rataye a kansa, cike, ba a huda ta ba.

Sista Rakiya ta fita ta jawo mai siton da direban motar har gaban gawar. Ta nuna musu ledar da ke rataye a kansa. Mai sito ya ciro makulli. Su ukun suka karɓi lambar juna, daga ranar wanda ya rasa abu sai ya kira ɗan'uwansa kai tsaye.

Aka sa mini ruwa, direban ya kai ni asibiti a Gumel. Hadiza ta sayar da akuyarta aka yi gwajin jini. Likita ya ce ƙodar ta bugu amma za ta farfaɗo. Ranar da fitsari ya dawo na yi murna kamar an yi mini haihuwa.

Daga baya an yi bikin. Na ga hoton a waya, manya uku sun riƙe hannun juna suna dariya. Tir.

Alhamdulillahi na warke. Na gode wa Hadiza da duk wanda ya yi mini addu'a. Ku tafasa ruwan sha, ku ajiye haɗin gishiri da sukari a gida, in gudawa ta fara kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Masu agaji kuma, don Allah ku gama gardamarku kafin damina.

Sista Rakiya, na neme ki don in yi godiya, aka ce an cire ki daga sansanin saboda kin taɓa kaya ba izini. In saƙon nan ya iske ki, ina raye.